Benen Guguwa a Bayan Rijiyoyi

Fim na rabin minti kaɗai ya rage a cikin kamarar, motar Damagaram kuma za ta tashi da hantsi. Abin da Attahir ya yi ta nanata wa ƙanwarsa Asibi ke nan tun da suka idar da sallar asuba, kamar ita ba ta sani ba.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wani littafin zane da ya daɗe yana yawo hannu zuwa hannu a Belbeji, bangonsa ya yage, shafin farko ya ɓata, har ba wanda ya san sunan jarumin da ke ciki. Da yake kullum a cikin iska mai juyawa yake sauka, sai samari suka sa masa Guguwa. Attahir, wanda ke karatu a lise, babbar makarantar sakandare, a Damagaram, ya haddace littafin kamar karatun allo. Shi da abokinsa Manzo, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, suka ƙudura sai sun yi fim ɗin Guguwa nasu na kansu, inda zai zo yankinsu na Damargu ya kama ɓarayin shanu. Wani mushe, wato malamin su Attahir a lise, ya ba shi aron ƙaramar kamara na tsawon hutu, da ƙunshin fim guda ɗaya tak, na minti uku da ƴan kai. Manzo ne Guguwa, don ya fi kowa tsawo.

Sun ɗauki faɗa, sun ɗauki gudu, sun ɗauki tsalle daga kan rumbu. Abu ɗaya ya rage: Guguwa tsaye a kan rufin gidansa, bene hawa uku mai ginshiƙai, kamar yadda yake a shafi na tara. Irin wannan gida babu shi a Belbeji, babu shi a Tanut. Shi ya sa tun wata biyu kafin hutu Attahir ya aiko wa Asibi wasiƙa ya ce ta gina shi ƙarami. In aka ajiye shi dab da kamara, Manzo kuma ya tsaya can nesa a kan tudu, idon kamara zai haɗa su, a ga kamar a kan rufin yake tsaye.

Asibi yarinya ce mai tsoro. Tana tsoron kare, tana tsoron akuya mai ƙaho, tana tsoron a ce ta yi magana gaban baƙi. Amma ko takardar da aka ƙunso ƙosai ta samu sai ta karance ta, kuma hannunta ba ya rawa in tana aiki ita kaɗai. Ta shige ɗakin ajiya na bayan gida ta rufe ƙofa. Ma'auninta tsinken ashana ne. Ta ce tsinke ɗaya shi ne tsawon Guguwa, saboda haka ƙofa tsinke ɗaya da rabi, kowane hawa tsinke biyu. Ta fere karan gero ta yi ginshiƙai, ƙayar aduwa ta zama ƙusa, ƙaro ya zama abin manni. Ta tace ƙasar suri da tsohon kallabi ta yi yaɓe. Tagogi ashirin da huɗu ta yanka daga takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi. Duk gidan bai kai gwiwarta ba.

Farin bangon ne ya ba ta wahala. A littafi bangon yana walƙiya, ita kuwa da ta shafa farar ƙasa sai ya fito dusu-dusu kamar bangon asibiti. Wata rana ta ga guntun kantun gishirin Balma a kusurwar ɗakin, rana ta shigo ta ƙasan ƙofa ta haska shi yana ƙyalƙyali. Ta daka, ta jiƙa, ta haɗa da farar ƙasar, ta shafa da gashin kaza. Sau bakwai tana shafawa tana barin ya bushe. Bango ya yi walƙiya fiye da na littafin. Ba ta faɗa wa kowa dabarar ba, don tana so a tambaye ta.

Da Attahir ya zo hutu, matakalar gaban gidan ta rushe mata sau biyu. Kullum sai ta ce, "Yaya, ka ba ni zuwa gobe." Goben nan ce ta kai su yau, ranar da kamara za ta koma ga mai ita, kuma babu wata mota sai kasuwa ta zagayo.

A kan tsohon ƙyauren ƙofa suka ɗauko gidan, Attahir a gaba, Manzo a baya. Asibi na biye da su da ƙaramin kwano na ragowar ruwan shafen, da guntun kantu ƙulle a bakin mayafinta, ko za a buƙaci ƙari. Manzo ya yafa shuɗin zanen gwaggonsa a kafaɗa, ya ɗaura abin rufe fuska na jar fata, zufa na bin wuyansa.

"Malama Asibi," in ji shi, "gidan nan nawa akwai makewayi kuwa? Jarumi ma fa yana zagayawa."

"Yaya Manzo, don Allah ka dubi gabanka."

"Ina duba. Ɗakin amarya fa, a hawa na nawa yake?"

"Wace mace za ta auri mai yawo da zanen gwaggonsa?" in ji Attahir. "Ɗaga ɓangarenka, kana karkata shi."

Wurin da Attahir ya zaɓa wani tudun yashi ne a bayan rijiyoyi, inda babu itace babu bukka, sai sama kawai. Ya ce ko kara ɗaya ya shigo hoton, asiri ya tonu. Da suka sauke ƙyauren, Asibi ta ga tsaga a kusurwar hagu, siririya kamar gashi. Ta durƙusa ta cike ta da gashin kaza, tana hura mata iska da baki.

Daidaitawar ce ta ci lokaci. Attahir ya kwanta rub da ciki, ya dasa kamarar a kan tubali, ya tokare ta da tsakuwa uku. Manzo ya hau tudun, taki arba'in daga gidan.

"Koma baya! Ƙafarka ta nutse cikin rufi. Baya kuma. A'a, yanzu kana shawagi a sama kamar shirwa. Matso kaɗan. Hagu. Hagunka, Manzo, ba nawa ba!"

"Yashin nan yana ƙona ni!"

"Guguwa ba ya jin zafi. Tsaya nan. Kada ka motsa, ko ƙuda ya sauka a hancinka."

Daga cikin gari aka ji ƙahon mota, dogo, sau ɗaya. Direban yakan busa sau uku kafin ya tashi. Asibi ta ɗaga kai. Ta dubi inuwar gidan, ta ga ta fara gajarta.

"Yaya, ka ɗauka mana."

"In na ɗauka ba daidai ba, ke za ki ba ni wani fim ɗin? Yi mini shiru."

Don kada ta ci gaba da kallon bayansa, ta juya wajen rijiyoyi. Wani garken awaki ya gama shan ruwa, sun fi hamsin. Maimakon su bi hanyar daji kamar yadda suka saba, sai suka tsaya cak. Duk sun ɗaga kai, duk suna fuskantar wuri ɗaya. Iska kuwa daga tudun take busawa zuwa gare su.

Mai garken ta riga su isowa, tana dogara sanda. Dado ce, tsohuwar Bafillatana da ke kawo wa mahaifiyarsu nono. Ta dubi ƙaton saurayi da zane a kafaɗa can saman tudu, ta dubi wani kwance a yashi. Kwanon da ke hannun Asibi ta sunkuya ta sunsuna.

"Ke ɗiyar Hawa, me kika shafa wa abin wasan nan?"

"Farar ƙasa ce, Inna Dado."

"Da me?"

Muryar Asibi ta yi ƙasa. "Da ɗan gishiri."

"Ɗan gishiri!" Dado ta dafa ƙirji. "Bisashen nan wata biyu rabonsu da lasa. Jiya har igiyar guga suka tauna don zufar hannu. Ku kwashe abinku, yanzun nan."

Attahir ya ɗago kai daga kamarar, yashi manne a haɓarsa. "Gishiri? Asibi, gishiri kika shafa? Kika bari muka kawo shi bayan rijiya, da bazara?"

"Don ya yi walƙiya ne, Yaya. A littafin..."

"A littafin akwai awaki? Wanda bai taɓa shiga ajin lakwal ba ma ya san wannan!"

Asibi ta dubi bangon. Ta sani sarai dabba na son gishiri, ta ma karanta dalilin a littafin kimiyya na aji shida. Amma wata biyun nan da ta yi a ɗaki, ba ta taɓa kallon abin a matsayin gishiri ba. Bangon Guguwa take gani.

"Mu ɗaga shi," ta ce.

"In aka motsa shi ko da faɗin yatsa, sai mun sake daga farko. Ina lokacin?"

Garken ya taso. Ba gudu suke ba tukuna, tafiya ce mai sauri, kai a miƙe. Manzo ya hango su daga sama, ya baro wurinsa ya gangaro a guje yana kaɗa zanen, wai zai kore su.

"Koma!" Attahir ya daka masa tsawa har muryarsa ta fashe. "Wa ya ce ka sauko? Koma kan sawunka, daidai inda ƙafarka take!"

Manzo ya tsaya a tsakiya, ya dubi awaki, ya dubi tudu, sannan ya juya ya fara hawa, yashi na zame masa. Ƙahon mota ya yi kuka karo na biyu.

"Inna Dado, ki tare su, don girman Allah," in ji Asibi. Hawaye ya riga ya cika mata ido.

"Sanda ɗaya ba ta tare mai jin ƙanshin gishiri, ɗiyata. In na bugi biyu, arba'in sun wuce ta bayana." Tsohuwar ta nuna da sandar. "Kin ga jar can ta gaba, mai karyayyen ƙaho? Ita ce uwarsu. Inda ta sa kai nan za su bi. A ba ta ta lasa sau ɗaya, a gudu da shi, za ta bi mutum har Tarka. Ni dai ƙafata ta daina gudu tun kafin a haife ki."

Asibi ta dubi wanta. Ya riga ya mayar da ido cikin kamara, yana kiran Manzo ya matsa dama. Babu wanda zai je. Ta dubi gidan, da tagoginsa ashirin da huɗu, da matakalar da ta gina sau uku.

Ta kwance kantun daga bakin mayafi. Ta tuttule ruwan kwanon a kan mayafin har ya jiƙe. Sannan ta gangara wajen garken.

Jar akuyar ta fi yadda ta zata girma. Idonta rawaya ne, da baƙin layi a kwance a tsakiya, ƙahon da ya rage kuma yana da tsini. Asibi ta miƙa hannu, ta runtse ido. Ta ji harshe mai kaushi ya shafi yatsunta, ya sake shafa, sai haƙori ya kama gefen kantun. Ta fizge, ta juya, ta zura da gudu.

"Ba nan ba!" Attahir ya yi ihu. "Za ki shigo hoto! Yamma, Asibi, yi yamma!"

Ta karya ta yi yamma, wajen wani kwari. Takalminta ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba. A bayanta ƙasa na rugugi. Ba ta waiwaya ba sai sau ɗaya, ta ga jar tana dab da ita, sauran na biye kamar ruwan kwazazzabo. Ko ɗaya ba ta ga ta nufi tudu ba.

Kwarin cike yake da ƙarangiya. Ta ji ta a tafin ƙafa, ta ji ta a ƙwauri. Wata akuya ta cafki bakin mayafin ta ja, Asibi ta faɗi a kan gwiwa, kafin ta yunƙura sun rufe ta. Wari, da zafin numfashi, da kofato a gadon bayanta. Ta san in ta saki kantun, ɗaya za ta ɗauke shi, sauran su tuna da tudu. Sai ta dunƙule a kansa, ta tura shi ƙarƙashin cikinta, ta rufe fuska da hannu ɗaya, ta bar musu mayafin suna ja.

Rabin minti talatin ne in an ƙirga a hankali. Ta fara. Ɗaya. Biyu. Wani ƙaho ya zungure ta a haƙarƙari, ta ɓata lissafi a sha ɗaya, ta ci gaba daga tara don kada ta yi ƙwange. Harsuna na lasar wuyanta, da kunnenta, da hawayen ma. Ashirin da takwas, ashirin da tara, talatin.

Sai ta tuna ba ta san lokacin da Attahir ya fara ba. Wataƙila Manzo bai kai wurinsa ba tukuna. Wataƙila ko taɓa maɓallin bai yi ba.

Ta sake farawa daga ɗaya.

A sha bakwai mayafin ya rabu biyu. A ashirin da uku jar ta cusa kai ta ƙarƙashin hammatarta, ta ture ta gefe. Kantun ya riga ya jiƙe da zufa, ya marmashe a hannunta, suka yi caa a kan yashin da ya zuba. Ta ƙarasa ƙirgar a kwance, tana kallon ƙafafunsu.

Sandar Dado ce ta buɗe mata hanya. Tsohuwar ta kama ta a dantse ta miƙar da ita, tana cire mata ƙarangiya daga gashi.

"Sannu, sannu. Ashe kina da ƙafa. Uwarki ta ce ko kaza ta yi fiffike sai kin shige ɗaki."

"Sun gama? Inna, sun gama?"

"Ni na san abin da suke yi? Wancan dai ya tashi daga kwanciyar."

Awakin sun lashe yashin tas. Jar ta ɗaga kai, ta sunsuni iska, ta juya ta nufi tudu. Asibi ta bi bayansu tana ɗingishi, amma ta san ba za ta riga su ba.

Ta tarar da Attahir tsaye, kamara a hannu, Manzo kuma yana gangarowa ya tuɓe abin fuskar.

"Yaya?"

Ya juyo da gefen kamarar ya nuna mata ƴar allurar da ke nuna sauran fim. Ta kwanta a kan jan layi.

"Ya shiga? Duk gidan? Ba akuya?"

"Ba akuya." Ya dubi ƙafarta mai jini, ya dubi guntun mayafin da ke wuyanta, ya kau da kai. "Ƙafar Manzo ta zauna a kan rufin daram. Iska ma ta ɗaga zanen. Sai an wanke fim ɗin za mu tabbata, amma na gani da idona."

"Ni ma na ji a jikina," in ji Manzo. "Rufin nan naki akwai zafi, Malama."

Awakin farko sun iso. Manzo ya shiga kaɗa musu zane, Attahir na harbi da ƙafa, amma suna korar uku biyar na zagayowa. Ɗaukar ƙyauren ma ba zai yiwu ba, don an riga an kewaye shi.

"Ba ni kamarar," in ji Asibi.

"Fim ɗin ya ƙare fa."

"Na sani. Ba ni."

Ya miƙa mata. Ta kwanta rub da ciki a gurbin da jikinsa ya bari a yashi, ta ɗora kamarar a kan tubalin, ta sa ido.

Gida ne. Ba na kara ba, gida sosai, hawa uku, fari fat yana walƙiya, ginshiƙansa sun tokare sama. Matakalar ta yi faɗin da mutum biyar za su hau a jere. Ta ga ƙofar da za ta iya shiga ba tare da ta sunkuya ba, ta ga tagar da za ta zauna kusa da ita da littafi. Ta riƙe numfashi.

Sai wani harshe, faɗinsa ya kai tabarma, ya sauko daga sama ya share tagogi huɗu a tafi ɗaya. Wata ƙatuwar fuska ja ta leƙo ta bayan rufin, ta kama kusurwar hagu, ta ɓalle ta tana taunawa.

Ƙahon mota ya yi kuka na uku.

"Asibi, kawo, za su tafi su bar ni!"

"Tsaya, Yaya," ta ce, ba ta ɗaga ido ba. "Hawan ƙasa yana nan tukuna."